Durowar "Ban Sani Ba"

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Shi ya ba mu aron bawan nan nasa, Shi ya karɓi abinsa a lokacin da ya so, ba mu da ta cewa sai haƙuri.

Ranka ya daɗe Shugaban kamfani, tare da 'yan hukumar gudanarwa, Manaja, Yaya Babba, wan marigayi, wanda ya zama uban wannan gida a yau, Mama, uwargidansa, wadda duk ofishinmu ke kira Mama tun kafin yawancinmu mu yi aure, Likita, 'yarsa ta fari, da ƙanenta Auta, shugabannin sassa da abokan aikinmu na benen sama da na ƙasa, masu gidajen gem, wato wasan bidiyo, da suka rufe shagunansu da rana tsaka suka taho, maƙwabta da abokan arziki. Assalamu alaikum. Sannunku da zuwa, sannunmu da rashi.

An zaɓe ni in yi magana a madadin sashen tantance wasanni saboda ni na fi kowa daɗewa a ƙarƙashin marigayi Malam Mai Kati, shekara goma sha huɗu, kuma ni ke zaune a kujerarsa yanzu. Manaja ya ba ni minti goma, na ce to. Ina neman afuwa tun yanzu, domin zan wuce su, kuma ƙarshen jawabin nan ba ya cikin takardar da na nuna masa jiya. Akwai amanar wannan iyali a cikin jakata. Ba ta da wani amfani a hannunsu sai na fara wanke sunan mai ita, kuma ni kaɗai ce a ɗakin nan zan iya wanke shi.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, kuma na san suna da yawa a nan, bari in faɗa a taƙaice. Kowace shekara ana fito da dubban wasannin bidiyo, na waya da na kwamfuta da na akwatin da ake haɗawa da talabijin. Masu ƙirƙira da masu zuba jari suna son su san wanne zai karɓu, wanne zai bi ruwa. Sai su zo wurinmu. Mu kuma mu kasa wasannin rukuni-rukuni, mu duba wane rukuni ke tasowa, wanne ke kwanciya, mu rubuta rahoto mu ce ga inda muke hasashen kasuwa ta dosa. Yaya Babba ya taɓa cewa a gabanmu, shi bai taɓa ganin wanda ya yi digiri biyu don a riƙa biyansa yana buga gem ba. Malam ya ce, "Yaya, ai ba bugawar ake biyana ba, kallon masu bugawa ake biyana." Yaya Babba ya ce, "To wannan ai ya fi muni." Ga shi nan zaune, in na yi masa ƙarya ya faɗa.

Malam ya kasance mutum mai jinkiri, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Ranar da na kama aiki ya miƙo mini wani wasa ya ce in gaya masa rukuninsa. Minti goma ban yi ba na dawo ina taƙama, na ce na tsere ne. Ya ce, "Wa kika ga yana bugawa?" Na ce ba kowa, bayaninsa na karanta. Ya ce, "To tallarsa kika karanta, shi kam ba ku gaisa ba tukuna." Daga ranar ya raɗa mini Uwar Sauri, sunan ya bi ni har gidan mijina.

Ya kasance mai ƙa'ida ɗaya da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Kowane wasa yana da katinsa, na takarda mai kauri, rubutun hannu. A gaba sunan wasan da wanda ya ƙirƙira shi, a baya abin da ido ya gani. Kuma kati ba ya shiga durowa sai mutum uku da ba ma'aikatan sashenmu ba sun buga wasan a gabansa. Direba, mai shara, wanda ya zo gyaran famfo, ko baƙon da ya yi ɓatan kai ya shigo ofishinmu yana neman banɗaki, duk Malam ya sha zaunar da su ya ɗora musu waya a hannu. Ba ya tambayar su ko ya yi daɗi. Cewa yake mutum yakan yi maka kara da bakinsa, amma babban yatsansa ba ya kara. Sai ya ja kujera gefe, ya zura wa hannuwansu ido, ya dubi fuska, ya rubuta. Labarin zuciya a tambayi fuska, inji masu iya magana. Malam ya ƙara da yatsa.

Mun sha yi masa dariya. Muna da kwamfutoci masu haɗiye alƙaluman miliyoyin masu wasa su amayo jadawali kafin shayi ya huce, shi kuwa yana nan da katunansa da jan biro. Bai raina alƙaluman ba, ya fi mu iya karanta su. Cewa dai yake suna gaya maka abin da mutane suka riga suka yi, ba sa gaya maka abin da ya sa suka yi.

Ya kasance mai ganin abin da ke gaban kowa amma kowa ya tsallake. Kasuwa ta san rukunanta: na faɗa, na tsere, na ƙwallo, na gini da noma, na wasa ƙwaƙwalwa, da sauransu. A rahoto da su yake aiki, don su abokan hulɗarmu suka sani. Amma a gefen kowane kati yana da nasa rabon da yake rubutawa da fensir: na bin layi, na huce haushi, na a-gan-ni, na kaɗaici, na ni-da-abokina. Ya ce ba abin da ke cikin wasa ne ke sayar da shi ba, gurbin da yake cikewa a yinin mutum ne. Shekara tara da suka wuce, lokacin da kowa ke rububin manyan wasannin yaƙi, shi ya rubuta cewa ƙananan wasannin da ake bugawa da yatsa ɗaya cikin minti uku su za su cinye kasuwa. Aka ce daga ina ya samo wannan? Ya ce sati biyu ya yi yana shiga bas safe da yamma, ya ga kowa ɗaya hannunsa yana riƙe da ƙarfe ko jaka. Ranka ya daɗe, ka tuna wannan rahoton. Bayansa ne muka tashi daga ɗakuna biyu muka dawo wannan bene.

Ya kasance na jama'a. Masu gidajen gem da ke zaune can baya sun sani, duk Asabar yakan zaga shagunansu, ya gaya musu abin da zai yi kasuwa baɗi, bai taɓa karɓar ko ruwan sha a kan haka ba. Iyaye sukan tare shi a hanya da wayar 'ya'yansu, su ce Malam duba mana, wannan ya dace da yaro? Ya tsaya ya duba, ko da ya makara. Akwai wasannin da ke ɓoye caca a cikin akwatin kyauta, su ja yaro da babba a hankali har su kasa ajiyewa. Irin waɗannan yakan ja musu jan layi daga wannan kusurwar kati zuwa waccan. An taɓa ce masa, Malam, ai wannan zai sayu. Ya ce, "Zai sayu ƙwarai. Ba dai da bakina ba." Mun rasa abokin hulɗa a kan wannan magana, ya sha faɗa, bai janye ba.

Yanzu bari in zo ga kabad ɗinsa. Na ƙarfe ne, ruwan toka, durowa goma sha biyu. Goma sha ɗaya na sama na rukunan da kowa ya sani ne. Ta ƙasa can, wadda take cijewa sai an doke ta da ƙafa kafin ta buɗe, ya manna mata takarda ya rubuta da hannunsa: BAN SANI BA. Nan yake ajiye wasan da ya kalla, ya sake kallo, ya ga bai shiga ko'ina ba. A shekara ashirin da shida kati goma sha bakwai kacal suka shiga durowar nan, kuma goma sha ɗaya daga cikinsu su suka haifi sababbin rukunan da duniya ke yayi yanzu. Yakan ce, "Na saman nan labarin jiya ne. Gobe tana ƙasa, shi ya sa sai an sunkuya." Bai da wani yabo da ya wuce ya sa wasa a durowar nan. Kuma dokarta ɗaya ce, kowa a sashenmu ya haddace ta: wanda ya sa kati a ciki, shi kaɗai zai fitar da shi.

Jama'a, har nan jawabin da na nuna wa Manaja ya tsaya. Daga nan ya kamata in ce Allah ya jiƙansa in zauna. Amma duk wanda ke ɗakin nan ya san yadda Malam ya bar aiki, ko da ba wanda ya ambata yau. Mun yi ta kewaye maganar tun safe kamar rami a tsakar hanya.

Shekara biyu da suka wuce, wani babban kamfanin zuba jari ya kawo mana wasanni arba'in, mu gaya musu wanda za su ɗauka. Malam ya gama da talatin da tara. Na arba'in ɗin wani ɗan ƙaramin wasa ne da wasu 'yan'uwa mata biyu suka yi. Babu ci, babu faɗuwa, babu maki. Bishiya ce guda ɗaya, mutum biyu da ke nesa da juna suna yi mata ban ruwa, kowa daga wayarsa. In ɗaya ya manta, ganyen ɓangarensa ya yi yaushi, ɗayan ya gani. Shi ke nan wasan. Malam ya kalle shi kwana tara, ya sunkuya ya sa shi a durowar ƙasa.

A satin ne aka shiga da shi aikin ido, za a cire masa yana. Kwana huɗu aka ce. Ya bar mini hatiminsa don ƙananan takardu kada su tsaya. Washegari masu jarin suka bugo waya suka ce sun matso da zamansu, jibi suke son rahoto. Na kai wa Manaja jadawalin, gida talatin da tara a cike, ɗaya babu komai. Manaja, ba laifi nake ɗora maka ba, abin da aikinka ya sa ka faɗa ka faɗa. Ka ce, "Ba don mu ce ba mu sani ba mutane ke zuwa wurinmu. A cike gurbin nan." Ba ka ce ga abin da zan cike shi da shi ba.

Asibitin bai fi tafiyar minti ashirin daga nan ba. Ido aka ɗaure masa, ba baki ba. Da na je, da ya gaya mini. Amma na ce a raina, shekara goma sha biyu ina wannan aiki, sai na tashi marar lafiya a kan bishiya guda? Gaskiyar magana kuma, ina son a ga cewa sashen yana tafiya ko ba shi. Na doki durowar da ƙafa, na zaro katin, na dubi gabansa. Bishiya, ban ruwa. Na ce ai wannan noma ne. Na sa shi a durowa ta huɗu, ta gini da noma, rukunin da shekara uku ke nan a jere yana gangarowa. Kwamfuta ta yi lissafinta yadda aka koya mata, ta fito da hukunci: kada a taɓa. Na buga hatimin Malam a ƙasa. Ko bayan katin ban juya ba.

Da ya dawo ya tambayi rahoton, na ce an miƙa, komai lafiya. Idonsa na ɗigar hawayen magani, aiki ya taru, bai bi diddigi ba, domin ya yarda da ni. Sauran kun sani. Wasu masu jari daban suka ɗauki wasan, wata takwas bayan nan babu wayar da babu bishiyar nan a ciki. Mai sharar ofishinmu ma da ɗanta da ke wata ƙasa suke ban ruwa. Masu jarin suka rubuto mana wasiƙa mai zafi suka janye hulɗa, wasu biyu suka bi su.

Ranar da hukumar gudanarwa ta kira shi, ya ce a ba shi minti ɗaya ya ɗauko katin, yana da tabbacin abin da ya rubuta. Ina tsaye a bayansa. Ya doki durowar ƙasa, ya sunkuya, ya ƙirga, goma sha shida. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya miƙe ya fara buɗe na sama ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ta huɗu. Ina da wata mummunar ɗabi'a, duk katin da na riƙe sai na lanƙwasa kusurwarsa da farce ba tare da na sani ba. Ya zaro katin, ya ga kusurwar. Ya sa babban yatsansa ya miƙar da ita a hankali, ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da katin inda ya same shi, ya rufe durowar.

A cikin ɗakin nan da muke zaune aka yi zaman. Ranka ya daɗe, kai ka tambaye shi, "Hatimin wa ke kan rahoton?" Ya ce, "Nawa ne." Ka ce, "Kana da abin cewa?" Ya ce, "Babu." Ni ke rubuta bayanin taron a ranar, a waccan kujerar ta kusa da taga. Da hannuna na rubuta "Babu."

Aka mayar da shi mai ba da shawara, aka ajiye masa tebur a baranda kusa da injin kwafi, inda ba mai neman shawarar. Wata uku ya yi ya ajiye aiki. Aka kai kabad ɗin ɗakin ajiya, aka ba ni kujerarsa, aka yi mini murna, na amsa. Mutanen sana'armu suka riƙa cewa tun da aka taɓa idon nan ganin ya tafi. A littafin horar da sababbin ma'aikata aka ƙara shafi mai suna Darasin Bishiya, da sunansa a ciki, a matsayin misalin yadda dogaro da tsohuwar hanya ke kai mutum ya baro. Sau biyu ni da kaina na tsaya a gaban sababbin ma'aikata na koyar da wannan shafi. Ina jin kunyar wannan fiye da duk sauran.

Sati biyar kafin rasuwarsa na je gaishe shi, da la'asar. Mama, kin tuna, kin kawo mana shayi a baranda kika koma ciki. Ya rame, amma ga kwalin takalmi a gefensa cike da katuna, bai daina ba. Na yi ta juya kofi a hannu, daga ƙarshe na ce, "Malam, maganar katin nan ne." Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Kusurwar dama, ta sama. Shekara goma sha biyu ina ce miki ki daina."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Ni na bar miki hatimin, ni na koya miki aikin. In ɗaliba ta yi irin wannan, malaminta yana da kaso. Kuma ke kina da shekara ashirin a gabanki, ni biyu suka rage mini. Na auna, na ga nawa ya fi sauƙi." Sannan ya ce, "Na ɗauka abin a kaina kaɗai zai tsaya. A nan ne hasashena ya kuskure da gaske, ƙanwata. Auta ya daina kawo mini wasanninsa."

Ga waɗanda ba su sani ba, Auta ƙirƙirar wasanni yake yi, ita ce sana'arsa. Tun yana sakandare duk abin da ya haɗa, mahaifinsa ne farkon gani. Auta, ka saurare ni da kyau. Bai ce ka raina shi ba, ni ma ban ce ba. Cewa ya yi tausayinsa kake ji. Kana jin abin da ake faɗa a cikin abokan sana'arka, ba ka so ka sa shi ya yanke hukuncin da kai ba za ka iya dogara da shi ba, sai ka riƙa kawo masa 'ya'yan itace da labarin ƙwallo. Ya ce ya gane, kuma ya gode. Ya ce amma tausayin ya fi teburin barandar yi masa ciwo.

Sai ya sa hannu a kwalin ya zaro kati ɗaya. Ashe ya roƙi Likita ta sa masa sabon wasanka a wayarta a ɓoye, ya kuma samo mutum ukunsa kamar kullum. Ya miƙo mini ya ce, "Ki kai durowar ƙasa." Na ce Malam, kabad ɗin yana ɗakin ajiya, ka ba Auta da kanka mana. Ya ce, "In ni na ba shi, zai ce uba ne ke lallashin ɗansa. Kuma mutumin da aka ce idonsa ya mutu, shaidarsa ta me?" Na gane abin da yake nufi sarai. Katin nan takarda ce kawai, sai ranar da aka san cewa idon mai shi bai taɓa mutuwa ba. Ya ga fuskata ta canza, sai ya yi dariya ya ce, "Ban ce ki yi komai ba, Uwar Sauri. Ki bi a hankali."

Na bi a hankali. Na ce bari wannan satin ya wuce, akwai rahoto. Na ce bari Shugaba ya dawo daga tafiya. Na rubuta wasiƙa na yaga, na sake rubutawa na sa a jaka. Sau ɗaya tak a rayuwata da ya kamata in yi sauri, sai na yi nawa. Ina cikin bari-bari Likita ta bugo mini waya da safe.

Ga katunan nan biyu. Na farko na bishiyar ne. Sai shekaranjiya na shiga ɗakin ajiya na ɗauko shi, sai shekaranjiya na juya bayansa. Ga abin da ya rubuta: "Direba ya buga, ya tambaya ko ƙanensa zai iya shiga. Mai shara ta buga, ta dawo washegari ta ce a ba ta ta duba ganyen. Ta uku matata. Ta bar shayinta ya huce, ta ce a sa wa Likita a wayarta su riƙa yi tare. Wannan ba noma ba ne, gaisuwa ce. Ba mu da durowarsa. Zai yi nisa. A jira ni."

A jira ni. Yana nan da jan biro, har ya ja masa layi a ƙasa.

Mama, ke ce ta ukun, kuma a fuskarki ya karanta abin da mu duka muka kasa gani. Fiye da shekara kina zuwa taron mutane kina jin ana rage murya in kin shigo. Shekara biyu ina shiga gidanki kina ce mini 'yata, kina tambayar yarana ɗaya bayan ɗaya. Ba ni da bakin da zan ce ki yafe mini yau. In wata rana zuciyarki ta iya, na gode. In ba ta iya ba, ba ki zalunce ni ba.

Yaya Babba, ka sha cewa ƙanenka ba ya kare kansa tun suna yara, ko an yi masa sharri sai dai ya yi shiru. Wannan karon ba don kansa ya yi shirun ba. Likita, ke kika riƙe shi a watannin ƙarshe, kin ce mini hawan jininsa ya ƙi sauka tun da ya bar aiki. Ajali na Allah ne, na sani, na yi imani. Amma ba zan tsaya a gabanki in ce ban san abin da ya riƙa kwana da shi a ransa ba.

Ranka ya daɗe Shugaba, abu biyu muke roƙo, ni da sashenmu, don na gaya musu komai yau da safe kafin mu sauko. Shafin nan na Darasin Bishiya kada a cire shi, darasi ne na gaske. A cire sunansa a sa nawa, a kuma rubuta abin da ya faru daidai: ba tsohuwar hanya ce ta kuskure ba, tsallake ta aka yi. Na biyu, a dawo da kabad ɗin inda yake, a bar mana gurbi ɗaya a jadawali da za mu iya cewa ba mu sani ba. Maganar kujerar da nake kai kuwa, wasiƙata tana kan teburinka, hukunci naka ne da hukumar.

Kati na biyu naka ne, Auta. Kwanan watan da ke kansa sati shida ne kafin rasuwarsa, rubutun yana ɗan rawa amma nasa ne. "Mai gadi ya buga sau uku, bai tambayi yadda ake ci ba. Telan layinmu ya yi dariya shi kaɗai. Ma'aikaciyar jinya ta ce in rubuta mata sunan wasan. Na bi durowa goma sha ɗaya a kaina, bai shiga ko ɗaya ba. Na sake bi don kada son ɗa ya rufe mini ido. Ban sani ba."

Ka girma a gidansa, ka san abin da kalmomin nan uku ke nufi a bakinsa. A shekara ashirin da shida sau goma sha bakwai ya faɗe su. Kai ne na goma sha takwas, kuma na ƙarshe. Da idon da ya ga bishiyar ya ga naka, idon nan lafiyarsa ƙalau har ya koma ga Ubangijinsa. Ya kamata ka ji wannan yana da rai, ka je ka zauna a barandar nan ka yi masa gardama kamar yadda kuka saba. Ni na hana ku wannan, kuma ba ni da hanyar mayar muku da shi.

Muna godiya ga Shugaba da hukumar gudanarwa da suka shirya wannan zama, ga iyalin da suka ba mu aron mutuminsu shekara ashirin da shida, da duk wanda ya bar uzurinsa ya zo. Na gode da kuka bar ni na kai ƙarshe.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ya rufa asirin wani a duniya alhali yana da ikon tonawa, ka rufa nasa a ranar da babu sauran rufi sai naka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata makwancinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Mama da 'ya'yanta da 'yan'uwansa haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi. Mu da muka rage, ka ba mu ikon cewa ba mu sani ba a inda ba mu sani ba, ka hana mu jinkirta gaskiya har mai ita ya wuce. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Mama, wannan naki ne, zan kawo miki har inda kike. Auta, taso ka karɓi naka. Sati biyar yana jakata mahaifinka na da rai, sati uku bayan ya rasu, amma duba ka gani, ban lanƙwasa kusurwarsa ba.